Rukunin Norris na gasar hoki ta NHL: yadda ya faro, abin da ya sa ya yi suna, da yadda aka soke shi

Tambaya: Malam, na fara bin gasar hoki ta ƙanƙara ta NHL tun da karatu ya kawo ni Kanada. Ina yawan jin dattawan magoya baya suna ambaton "Norris" cikin kewa, suna cewa babu rukunin da ya kai shi zafi. Na duba teburin gasa ban ga rukuni mai wannan suna ba. Mene ne shi, kuma ina ya tafi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ka gan shi a tebur ba, domin tun 1993 aka soke shi. Ya rayu shekara 19, daga 1974 zuwa 1993, kuma a cikin waɗannan shekaru rayuwa biyu ya yi waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Wanda dattawan nan suke kewa shi ne na biyun, wato daga 1981. A ganina ba sunan ne ya ba shi halinsa ba, ba kuma ƙwarewar 'yan wasansa ba. Tsarin jadawalin wasa ne ya yi shi, kuma da aka sauya tsarin sai halin ya bi shi.

Domin masu karatu da ba su saba da wasan ba: a NHL babu faɗawa ƙaramar gasa kamar yadda ake yi a Firimiyar Ingila. Ana raba ƙungiyoyi gida biyu, kowane gida a sake raba shi rukuni-rukuni. Ana buga doguwar kaka ta tara maki, sannan waɗanda suka cancanta su shiga wasannin fidda gwani, inda ƙungiya biyu ke karawa a jere har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Wanda ya tsallake duk zagayen shi ke ɗaga Kofin Stanley. A zamanin da muke magana, nasara maki 2 ce, canjaras maki 1, kakar kuma galibi wasa 80. Abin da ake bugawa da sanda faifan baƙar roba ne, amma zan riƙa ce masa ƙwallo don sauƙi.

A 1974 gasar ta karɓi sababbin ƙungiyoyi biyu, Washington Capitals da Kansas City Scouts, jimilla ta kai 18. Tsohon rabon Gabas da Yamma ya yi kaɗan, sai aka yi rukuni huɗu: Adams da Norris a gidan da aka sa wa suna Prince of Wales, Patrick da Smythe a gidan Clarence Campbell. An ba su sunayen mutane ne saboda rabon bai bi taswira ba, kuma babu yadda za a kira rukunin da ya haɗa gabas da yamma da sunan shiyya. Duba waɗanda aka fara zubawa a Norris: Montreal Canadiens, Detroit Red Wings, Pittsburgh Penguins, Washington Capitals da Los Angeles Kings. Tsakanin Montreal da Los Angeles kusan kilomita 4,000 ne, ga bambancin agogo na awa uku, amma a takarda 'yan rukuni ɗaya ne.

Mutumin da aka karrama da sunan shi ne James E. Norris, haifaffen Montreal a 1879, wanda ya yi arziki da fataucin hatsi a Shikago. A 1932 ya sayi ƙungiyar Detroit da ke cikin matsalar kuɗi, ana kiranta Falcons, ya mayar da ita Red Wings, ya sa mata tambarin taya mai fukafuki wanda har yau take amfani da shi. Ƙarfinsa ya wuce Detroit, don yana da hannu a babban filin wasa na Shikago da kuma Madison Square Garden na New York. Ya rasu a 1952. 'Yarsa Marguerite ta shugabanci Red Wings bayansa, kuma ita ce mace ta farko da aka rubuta sunanta a jikin Kofin Stanley. Ɗansa James D. Norris ya mallaki ƙungiyar Shikago tare da Arthur Wirtz, ɗansa Bruce kuma ya riƙe Detroit har 1982. Kada ka haɗa rukunin da kyautar James Norris da ake bai wa gwarzon ɗan baya kowace shekara. Mutum ɗaya ne aka karrama, amma kyautar tana nan har gobe.

Rayuwar farko labarin Montreal ce kawai. Kaka bakwai suka yi a rukunin, kuma duk bakwai ɗin su suka zo na ɗaya. Sun ɗauki Kofin Stanley sau huɗu a jere, 1976, 1977, 1978 da 1979, ƙarƙashin koci Scotty Bowman, da Guy Lafleur a gaba, Ken Dryden a raga, su Larry Robinson da Serge Savard da Guy Lapointe a baya. A kakar 1976-77 sun ci wasa 60, aka doke su sau 8 kacal, suka yi canjaras 12, maki 132. A gidansu sau ɗaya tak aka doke su a duk kakar. Los Angeles da ta zo ta biyu tana da maki 83, tazarar maki 49 ke nan, Detroit kuwa a ƙasan tebur da 41. Waɗannan kofuna huɗu su ne kaɗai Kofin Stanley da wata ƙungiyar Norris ta taɓa ci, kuma Montreal ta tafi da su lokacin da ta bar rukunin.

A ɗaya gefen akwai Washington a kakarta ta farko, 1974-75: nasara 8, rashin nasara 67, canjaras 5, maki 21. Har yau ita ce kaka mafi muni a tarihin gasar. Sau ɗaya suka ci wasa a waje, a Oakland, dab da ƙarshen kaka, kuma murna ta sa 'yan wasan suka ɗauki kwandon shara a ɗakin canja kaya suna ɗagawa kamar kofi. Rukuni ɗaya ya haɗa ƙungiyar da ta fi kowa da wadda ta fi kowa rauni, don haka babu wata gogayya da za ta tsiro.

A 1979 gasar WHA da ke hamayya da NHL ta rushe, aka karɓi ƙungiyoyinta huɗu: Edmonton, Hartford, Quebec da Winnipeg. Jimilla ta zama 21. Hartford Whalers ta shiga Norris, Washington ta koma Patrick. A nan ne Gordie Howe, tsohon gwarzon Detroit, ya buga kakarsa ta ƙarshe da rigar Hartford, ya buga duka wasa 80, ya ci ƙwallo 15, ya kuma cika shekara 52 kafin kakar ta ƙare. Amma a waɗannan shekaru biyu rukuni suna ne kawai. Kowace ƙungiya tana haɗuwa da kowace sau huɗu, kuma a fidda gwani ana jera ƙungiyoyi 16 ne bisa maki ba tare da duba rukuni ba.

1981 ita ce shekarar da komai ya sauya. Kuɗin jirgi da wahalar tafiya sun ishi masu ƙungiyoyi, sai aka sake rabo bisa taswira. Aka kwashe kowa daga Norris sai Detroit, aka mayar da rukunin gidan Campbell, aka zuba masa ƙungiyoyin tsakiyar nahiyar: Blackhawks ta Shikago, Minnesota North Stars, St. Louis Blues, Toronto Maple Leafs da Winnipeg Jets. Winnipeg shekara ɗaya ta yi ta koma Smythe a 1982. Saura biyar, Shikago, Detroit, Minnesota, St. Louis da Toronto, suka zauna tare shekara goma babu wanda ya shigo babu wanda ya fita. Idan ka ji an ce Norris, waɗannan biyar ake nufi.

Ga abin da nake so ka riƙe. A sabon tsarin kowace ƙungiya tana haɗuwa da 'yar rukuninta sau takwas a kaka, sauran ƙungiyoyin gasar kuwa sau uku-uku. Wasa 32 cikin 80 ke nan da mutum huɗun nan. Sannan huɗun farko a rukuni su ke shiga fidda gwani, kuma zagaye biyun farko a cikin rukuni ake yin su: na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku, waɗanda suka yi nasara su haɗu. Zagayen farko wasa biyar ne har 1986, daga 1987 aka mai da shi bakwai. Don haka ƙungiya biyu za su iya haɗuwa sau goma sha biyar a kaka ɗaya. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wanda ya maka ka da katangar fili a watan Nuwamba za ka sake ganinsa a Disamba da Janairu da Maris, kuma mai yiwuwa shi ne zai tsaya tsakaninka da zagaye na gaba a Afrilu. Ba a manta bashi, domin ranar biya ba ta nisa. Shikago da Minnesota kaɗai sun haɗu a fidda gwani a 1982, 1983, 1984, 1985, 1990 da 1991.

Sai dai fa ƙungiyoyin ba su da ƙarfi, kuma wannan shi ne rabin labarin da masu kewa ba su cika faɗa ba. Detroit ta shiga shekarun 1980 a matsayin ƙungiyar da tsakanin 1967 da 1983 sau biyu kawai ta kai fidda gwani, har 'yan gari suna kiranta matacciya. Da Mike Ilitch, mai kamfanin Little Caesars, ya saye ta daga hannun Bruce Norris a 1982, sai da ya riƙa ba da kyautar mota a wasannin gida don jama'a su zo kallo. Toronto tana hannun Harold Ballard, mutumin da ya taɓa zaman gidan yari kan zamba, wanda ya yi ta rikici da 'yan wasansa da kocinsa har manyan taurari irin su Lanny McDonald da Darryl Sittler suka bar ƙungiyar. St. Louis saura ƙiris a mayar da ita Saskatoon a 1983. Kamfanin Ralston Purina ya so sayar da ita, gasar ta hana, kuma a cikin rikicin ƙungiyar ba ta ma halarci zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar ba, sai da Harry Ornest ya saye ta.

Teburin ya nuna haka. A 1986-87 babu ko ƙungiya ɗaya a rukunin da nasararta ta fi rashin nasararta yawa. St. Louis ta zo ta ɗaya da nasara 32, rashin nasara 33, canjaras 15, maki 79, kuma tazararta da ta ƙarshe maki 9 ce kawai. A 1985-86 Toronto ta shiga fidda gwani da maki 57, alhali Buffalo mai maki 80 a rukunin Adams ta zauna a gida. Abin ya fi muni a 1987-88, inda Toronto ta samu shiga da maki 52, ta ci wasa 21 kacal cikin 80, don kawai Minnesota tana da 51. A shekarar New York Rangers mai maki 82 da Pittsburgh mai maki 81, wadda Mario Lemieux ke ciki, duk ba su samu shiga ba. Wannan rashin adalci ne a fili, kuma magoya bayan gabas suna da gaskiya da suka yi ta ƙorafi.

Amma wannan raunin ne ya sa wasannin suka yi daɗin kallo. Tun da babu babba, kowa yana ganin zai iya. Toronto ɗin nan mai maki 57 ta fitar da Shikago mai maki 86 da ci uku babu ko ɗaya. A 1982 Shikago ta zo ta huɗu ta lashe fidda gwanin rukuni, ta sake yin haka a 1989 da maki 66. Ƙungiyar da ba ta da gwanaye da yawa kuma tana neman wata hanyar cin wasa, kuma a hokin wancan zamani hanyar ita ce ƙarfi da tsoratarwa.

Daga nan laƙabin "Rukunin Chuck Norris" ya fito, da sunan ɗan fim ɗin nan na faɗa. A hoki, idan 'yan wasa biyu suka jefar da safar hannu suka dambace, alƙalai kan bar su har ɗaya ya faɗi ko su gaji, sannan a tura kowa benci na minti biyar. Kowace ƙungiyar Norris tana ajiye mutum ɗaya ko biyu don wannan aiki. Detroit tana da Bob Probert da Joey Kocur. Minnesota tana da Basil McRae da Shane Churla. Shikago ta yi Al Secord, daga baya Dave Manson, Stu Grimson da Mike Peluso, wanda ya tara mintunan hukunci (mintunan zaman benci saboda laifi) 408 a 1991-92. Toronto tana da Wendel Clark, wanda ta zaɓa na ɗaya a 1985, ba shi da girman jiki sosai amma ba ya ja da baya ga kowa. Wasu daga cikinsu 'yan wasa ne na gaske ba 'yan dambe kawai ba. Secord ya ci ƙwallo 54 a 1982-83. Probert a 1987-88 ya ci ƙwallo 29 tare da mintunan hukunci 398, aka kuma gayyace shi wasan taurari.

Wasan da aka fi tunawa shi ne na 17 ga Maris, 1991, a Shikago, tsakanin Blackhawks da Blues, lokacin su biyun suna takarar zama na ɗaya a duk gasar. An raba mintunan hukunci 278, aka kori 'yan wasa 12. A tsakiyar hargitsin Dave Manson na Shikago da Scott Stevens na St. Louis suka janye daga cikin taron, suka nufi tsakiyar fili su biyu, suka yi ta dambe jama'a na ihu. Filin kansa yana ƙara wa abin zafi. Chicago Stadium tsohon gini ne na 1929, ƙanƙararsa ba ta kai tsawon ta sauran filaye ba, don haka babu wurin kaucewa, kujerun sama kamar za su faɗo kan 'yan wasa, ga wata ƙatuwar garaya mai bututu da ake kaɗawa, kuma 'yan kallo sun saba da ihu tun daga farkon taken ƙasa har ƙarshensa. Baƙi da yawa sukan sha kaye a zuci tun kafin a jefa ƙwallo.

A nan ne nake rabuwa da masu kewa. Ina son zafin wasannin, ina son yadda kowane wasa ke da tarihi a bayansa, amma abin ya wuce gona da iri. A Janairun 1988 Dino Ciccarelli na Minnesota ya yi ta bugun kan Luke Richardson na Toronto da sanda, har maganar ta kai kotu, aka yanke masa zaman kwana ɗaya a kurkuku da tarar dala 1,000. Probert ya rasu a 2010 yana da shekara 45, kuma masu bincike a Jami'ar Boston da suka duba ƙwaƙwalwarsa sun samu cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugu a kai. Mutanen nan jikinsu suka bayar don nishaɗin 'yan kallo, kuma duk wanda zai yabi Norris ya kamata ya ambaci wannan ma.

Kada kuma dambe ya rufe gwanintar da aka gani. Denis Savard na Shikago yana juyi da ƙwallo a kan ƙanƙara yana barin 'yan baya a tsaye, Steve Larmer yana gefensa. Rick Vaive ya ci ƙwallo 50 ko fiye kaka uku a jere a Toronto duk da halin da ƙungiyar ke ciki. Detroit ta zaɓi Steve Yzerman a 1983, ta ba shi kyaftin a 1986 yana ɗan shekara 21, kuma a 1988-89 ya ci ƙwallo 65 ya tara maki 155 na ci da taimako. Koci Jacques Demers ya baro St. Louis a 1986 ya tarar da Detroit da maki 40, ya kai ta 78 a kaka ɗaya. Brett Hull a St. Louis, da Adam Oates yana ba shi ƙwallo, ya ci 72, sannan 86, sannan 70 a kaka uku a jere. Wannan 86 ta 1990-91 Wayne Gretzky ne kaɗai ya taɓa wuce ta.

Matsalar ita ce duk wanda ya fito daga Norris, a gajiye da raunuka, sai ya tarar da zakaran Smythe yana jiransa, kuma a mafi yawan shekarun nan Edmonton Oilers ce ta Gretzky da Mark Messier, ko Calgary Flames. Daga 1982 zuwa 1990, shekara tara a jere, zakaran Norris bai tsallake wannan mataki ba. Edmonton ta share Shikago a 1983 da Minnesota a 1984 da ci huɗu babu ko ɗaya, ta kuma fitar da Detroit a 1987 da 1988. Wadda ta fi kusa ita ce St. Louis a 1986. A wasa na shida Calgary tana gaba da ci 5 da 2 a kashi na uku, wato na ƙarshen wasan, saura ƙasa da minti goma sha biyu. Brian Sutter ya ci ɗaya, Greg Paslawski ya ci biyu, sannan Doug Wickenheiser ya ci a ƙarin lokaci, aka tashi 6 da 5. Mutanen St. Louis har yau suna kiran daren da abin al'ajabin Litinin. Calgary ta ci wasa na bakwai da 2 da 1.

Shekaru ukun ƙarshe su ne mafi kyawu, kuma abin da ke ba ni takaici ke nan, don an soke rukunin daidai lokacin da ya yi ƙarfi. A 1990-91 Shikago ta koci Mike Keenan, da Ed Belfour a raga da Chris Chelios da Jeremy Roenick, ta zo ta ɗaya a duk gasar da maki 106, St. Louis ta bi ta da 105. Minnesota tana can ta huɗu da maki 68, 'yan kallo sun ƙaurace wa filinta a farkon kaka. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙarƙashin koci Bob Gainey, tsohon ɗan wasan Montreal ta zamanin Bowman, Minnesota ta fitar da Shikago a wasa shida, ta fitar da St. Louis a wasa shida, ta fitar da Edmonton mai riƙe da kofi a wasa biyar. Dabararta ita ce ta bar abokan hamayya su yi ta laifi, ita kuma ta ci ƙwallo lokacin da mutuminsu ke benci. Pittsburgh ta Lemieux ce ta tsayar da ita a zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, kuma wasa na shida ya tashi 8 da 0. A 1992 Shikago ta ci wasa 11 a jere a fidda gwani, ta share Edmonton, ta kai zagayen ƙarshe, ta yi gaba da ci 4 da 1 a wasan farko, Pittsburgh ta farke ta ci 5 da 4, daga nan ta cinye sauran ukun.

A kakar ƙarshe, 1992-93, aka ƙara sabuwar ƙungiya, Tampa Bay Lightning ta jihar Fulorida, wadda ba ta da wata alaƙa da tsakiyar nahiyar. Ta fara da doke Shikago 7 da 3, Chris Kontos ya ci huɗu, amma ta ƙare a ƙasan tebur. Kakar ta Toronto ce. Ballard ya rasu a 1990, sabon shugabanci ya kawo Doug Gilmour daga Calgary a musayar 'yan wasa goma, aka ɗauko koci Pat Burns, Gilmour ya tara maki 127. Sun fitar da Detroit a wasa na bakwai da ƙwallon Nikolai Borschevsky a ƙarin lokaci, suka fitar da St. Louis a wasa na bakwai, sai suka haɗu da Los Angeles, inda Gretzky yake a lokacin. A wasa na shida, Toronto na neman nasara ɗaya ta kai wasan ƙarshe, Clark ya ci uku, aka shiga ƙarin lokaci. Sandar Gretzky ta sami Gilmour a haɓa har jini ya fito, alƙali Kerry Fraser bai hura ba, kuma jim kaɗan Gretzky ya ci ƙwallon nasara. A wasa na bakwai a Toronto ya ci uku, aka tashi 5 da 4. Wannan shi ne wasan ƙarshe da wata ƙungiya ta buga da sunan Norris. Idan kana zaune a yankin Toronto, ambaci sunan Fraser a gaban dattijon mai goyon bayan Leafs ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

Wanda ya soke rukunin shi ne Gary Bettman, wanda ya fara aiki a matsayin kwamishinan gasar a Fabrairun 1993, ya taho daga gasar ƙwallon kwando ta NBA. Burinsa shi ne a sayar da hoki ga Amurkawan kudu da yamma da ba su taso da wasan ba, kuma a ganinsa sunaye irin su Norris da Smythe ba sa gaya wa sabon ɗan kallo komai. Aka mayar da gidajen biyu Gabas da Yamma, rukunan kuma suka koma Atlantic, Northeast, Central da Pacific. Magajin Norris shi ne Central: Shikago, Detroit, St. Louis, Toronto, Winnipeg da Dallas. Dallas ɗin nan ita ce Minnesota North Stars, wadda mai ita Norm Green ya kwashe zuwa Teksas a shekarar, shekara biyu kacal bayan ta kai wasan ƙarshe. Tampa Bay ta koma gabas.

Mutane sun fi kuka da sauya sunan, kuma na fahimce su, don an goge sunayen waɗanda suka gina gasar. Amma sauyin da ya kashe Norris da gaske shi ne na fidda gwani. Daga 1993-94 aka koma ɗaukar ƙungiyoyi takwas mafi maki a kowane gida, na ɗaya ya kara da na takwas. Wannan ya gyara rashin adalcin da ya bar mai maki 82 a gida ya shigar da mai 52, kuma gyara ne da ya dace. Farashinsa shi ne an daina tilasta wa maƙwabta su kara da juna kowace bazara.

Ƙungiyoyin sun ci moriyar abin da suka shuka bayan rukunin ya tafi. Detroit ta zaɓi Nicklas Lidstrom da Sergei Fedorov da Vladimir Konstantinov a 1989, tana cikin Norris, kuma da su da Yzerman, ƙarƙashin Scotty Bowman ɗin nan, ta ci kofi a 1997, ta ƙara a 1998 da 2002, sannan a 2008 da wani koci. Dallas ta ci a 1999 da Mike Modano, wanda Minnesota ta zaɓa a 1988, tare da Belfour da Hull. Shikago ta ci a 2010, 2013 da 2015, St. Louis a 2019. Toronto ce kaɗai har yanzu take jira tun 1967. Jihar Minnesota ta samu sabuwar ƙungiya, Wild, a 2000.

A teburin da kake dubawa yau, Shikago, St. Louis, Dallas, Minnesota Wild da sabuwar Winnipeg Jets suna rukunin Central, kuma nan ne za ka fi jin ɗan abin da ya rage na tsohuwar gaba, musamman idan Blackhawks da Blues suka haɗu. Toronto ta koma gidan Gabas a 1998, Detroit ta bi ta a 2013, kuma su biyun suna Atlantic tare da Montreal da Tampa Bay. Tun daga 2013-14 an dawo da wani ɓangare na tsohon tsari, inda zagaye biyun farko suka fi karkata ga 'yan rukuni ɗaya, amma haɗuwar kaka ta ragu zuwa sau uku ko huɗu. Shikago da Detroit, waɗanda a dā suke haɗuwa sau takwas kafin ma a zo fidda gwani, yanzu sau biyu suke haɗuwa a shekara, ɗaya a nan ɗaya a can, kuma ba za su kara a fidda gwani ba sai dai a wasan ƙarshe na Kofin Stanley.